Labari Mai Kyau, Bango Mai Ɓatar Da Mai Saye

Ba kan labarin zan yi magana ba yau, kan bangonsa zan yi. Littafin ƙagaggen labari ne da ya fito kwanan nan, shafi 300 da ɗoriya, kuma ba zan kama sunansa ko na marubucin ko na kamfanin da ya buga shi ba, don ba tozarta kowa na zo yi ba. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Na yi shekaru ina aikin tsara shafuka a maɗaba'a, aikin kuwa ya bar mini wata ɗabi'a: in littafi ya shigo hannuna sai na juya shi gaba da baya, na shafa bangon, na duba yankan gefensa, kafin in karanta ko layi ɗaya. Hukuncina tun da wuri shi ne: labarin ya cancanci a saya, bangon kuwa biyu cikin biyar na ba shi, biyun ma ba bangon gaba ne ya ci su ba.

Ga abin da ke kan bangon gaban. Sama duk faɗuwar rana ce, ja da ruwan lemo suna narkewa su koma shunayya. Ta dama fuskar wata budurwa ta cinye kusan kashi biyu bisa uku na tsawon bangon, ta langaɓar da kai, hawaye ɗaya na gangarowa a kuncinta. Ta hagu daga ƙasa akwai jan fure, ganyensa biyu sun zube. Sunan littafin ya ratsa tsakiya da haruffa ruwan zinare masu inuwa, ƙarƙashinsa wani layi na jan hankali da siririn rubutu mai lanƙwashe-lanƙwashe, sunan marubucin kuma can ƙasa, ya kusa faɗowa daga takardar.

Duk wanda ya kalli wannan ya san alkawarin da aka yi masa: soyayya, yaudara, kuka, wataƙila a shirya a babin ƙarshe. To, labarin da ke ciki na wa da ƙane ne, dukansu sun haura shekara 50, sun yi shekara 20 ba sa ga maciji, sai rashin lafiyar mahaifiyarsu ta tilasta musu zama wuri guda. Rabin littafin cikin mota yake gudana, sauran a barandar asibiti. Mace mai ƙuruciya ɗaya ce tak a ciki, 'yar babban, ba ta kai shafi 15 ba, ba ta kuma zubar da hawaye ko sau ɗaya ba. Ita ce ma mai barkwancin gidan. Fure kuwa har na kai shafin ƙarshe ban gamu da shi ba. An ce labarin zuciya a tambayi fuska, amma wannan fuskar ba ta san me zuciyar take ciki ba.

Na san amsar da za a ba ni, don na sha jin ta a ɗakin da ake yanke shawarar bango. Za a ce bango talla ne, ba taƙaitaccen labari ba, kuma fuskar mace mai hawaye tana sa hannu ya miƙa fiye da hoton dattawa biyu a kan benci. Rabin farko na maganar gaskiya ne. Babu wanda ya ce sai an zana kowane mutumin da ke cikin labari, kuma bango mafi kyau sau da yawa ba ya nuna kowa. Amma talla aikinta ta kawo maka wanda kayanka zai yi wa daɗi. Wannan bangon zai kawo mai neman soyayya, ya karanta shafi 40 yana jiran budurwar ta bayyana, ya ga dai tsofaffi biyu ne ke ta gardama kan hanyar da za a bi, ya ajiye littafin yana jin an yaudare shi, ya kuma faɗa wa abokansa kada su ɓata lokacinsu. Wanda kuwa aka rubuta littafin dominsa, mai son labarin da ke tafiya a hankali yana tona abin da ke tsakanin 'yan'uwa, zai wuce shi a kanta ko ɗagawa ba zai yi ba. An sayar da kwafi ɗaya, an yi asarar masu karatu biyu. Marubucin ne kuma zai biya bashin a littafinsa na gaba.

Ba sabon abu ba ne bango ya faɗi irin littafin da ke ciki. Lokacin da Allen Lane ya fara fitar da littattafan Penguin a Ingila a 1935, bangonsu babu hoto ko ɗaya sai ɗan tsuntsun kamfanin. Edward Young ne ya tsara su: ratsi uku a kwance, na tsakiya fari ɗauke da suna, na sama da na ƙasa masu launi. Ruwan lemo na ƙagaggun labarai ne, kore na labaran aikata laifi da bincike, shuɗi mai duhu na tarihin rayuwar mutane. Mutum na tsaye daga nesa ya san inda zai nufa. Ba cewa nake a koma wa ratsi uku ba, zamani ya wuce nan. Abin da nake nunawa shi ne, waɗancan da launi kaɗai sun faɗa wa mai saye gaskiya, wannan kuwa da hoto da fure da zinare ya faɗa masa abin da babu.

Mu ajiye batun ko hoton ya dace, mu duba yadda aka haɗa shi. Abu uku ne daga wuri uku: sararin sama, fuska, da fure. Haɗa hotuna ba laifi ba ne, yawancin bangon da kuke gani haka aka yi su. Sharaɗin kawai shi ne haske ya yarda da juna. A nan rana tana faɗuwa a bayan budurwar, wato ya kamata fuskarta ta yi duhu, gefen gashinta ya ɗauki jan haske. Maimakon haka fuskar tana ɗauke da farin haske daga gaba ta hagu, irin na fitilar ɗakin ɗaukar hoto, har ana ganin ɗan farin murabba'in fitilar a ƙwayar idonta. Furen shi kuma inuwarsa ta faɗi dama. Rana uku ke nan a bango ɗaya. Mai saye ba lalle ya iya faɗin abin da ya dame shi ba, amma idonsa zai gaya masa cewa abin liƙe-liƙe ne. Ku duba kewayen gashin kuma: akwai siririn farin layi da ya rage daga asalin bayan hoton, ba a goge shi da kyau ba. Hawayen ma ɗora shi aka yi daga baya, ya fi sauran fuskar fitowa tar, bai kuma bi lanƙwasar kuncin ba, ya sauko a miƙe.

Dalilin da ya sa hawayen ya fi fuskar kaifi shi ne fuskar ta dushe, kuma wannan lissafi ne kawai. Hoton da za a buga yana son ɗigo 300 a kowane inci. Littafin girman A5 ne, milimita 148 a faɗi, 210 a tsawo, wato bangon gaba kaɗai yana bukatar fiksel, wato ɗigon hoto a kwamfuta, 1748 a faɗi da 2480 a tsawo. Fuskar da ta ɗauki kashi biyu bisa uku na wannan tsawon tana son fiksel wajen 1650. A kiyasina hoton da aka ɗauko bai fi 600 ba, irin wanda ake samu a intanet, aka ja shi ya cika wurin. In ka raba, ɗigon bai wuce 110 a inci ba. A fuskar waya ba za ka ga komai ba, zai yi kyau abinsa. A takarda kuwa gira ta zama hayaƙi, gefen leɓe ya yi tsani-tsani. Wannan shi ne kuskuren da na fi gani a rayuwar aikina, kuma kullum maganar ɗaya ce: ai a kwamfuta lafiya lau yake.

Haka maganar launi. Kwamfuta da haske take haɗa launi, ja da kore da shuɗi, abin da ake kira RGB. Injin ɗab'i da tawada huɗu yake aiki, CMYK, wato shuɗi mai haske, ja mai ruwan hoda, rawaya da baƙi. Akwai launukan da haske ke iya yi tawada ba ta iyawa, shunayya mai ƙyalli da ruwan lemo mai walƙiya suna sahun gaba. Na ga hoton tallar littafin a intanet, sararin saman nan har ɗaukar ido yake. A kwafin da ke hannuna shunayyar ta koma ruwan ƙasa mai duhu, ƙasan bangon kuma ya cushe, har ganyen furen da suka zube sai ka karkata littafin ga haske kafin ka gan su. Tawada in ta sauka a takarda tana ɗan baje wa, don haka duk wuri mai duhu ƙara duhu yake yi. Mai zanen da ya saba da maɗaba'a yakan buɗe duhun tun a kwamfuta, ya kuma nemi a buga masa gwaji ɗaya ya riƙe a hannu kafin a saki injin. A nan alamu sun nuna ba a yi ko ɗaya ba.

Yanzu haruffa, inda raina ya fi ɓaci. Na ƙirga salon haruffa huɗu a bangon gaba kaɗai: na sunan littafi, na layin jan hankali, na kalmar da ke cewa ƙagaggen labari ne, da na sunan marubuci. Biyu sun isa kowane bango, ɗaya ma yakan isa in an san yadda za a juya shi. Na sunan littafin irin manyan baƙaƙen nan ne masu kama da Trajan, salon da Carol Twombly ta zana wa kamfanin Adobe a 1989, ta kwaikwayo rubutun da aka sassaƙa a gindin ginshiƙin Sarki Trajan a birnin Rum tun shekara ta 113. Haruffa ne masu kwarjini, shi ya sa allunan tallar fina-finai suka yi ta amfani da su har suka gundure mutane. Kyansu a siririn jikinsu yake da sararin da ke tsakaninsu. A nan an matse su don sunan ya shiga layi ɗaya, an ja su ta tsawo har masu da'ira sun zama ƙwai, an zuba musu ruwan zinare mai sauya haske daga sama zuwa ƙasa, an kewaye su da baƙin layi, sannan aka ƙara musu inuwa. Kwalliya biyar a kan harafin da babu abin da yake so sai a bar shi ya sha iska.

Duk wannan kwalliyar kuma ba ta biya kuɗin sabulu ba, don sunan ba ya karantuwa. Ga gwajin da kowa zai iya yi: ɗauki hoton bangon da waya, ka mayar da shi baƙi da fari. Abin da ido ke rarrabewa da farko bambancin haske da duhu ne, launi daga baya yake zuwa. Zinare da ruwan lemo launi biyu ne, amma haskensu kusan ɗaya. Da na cire launin, rabin sunan ya nutse cikin sararin sama, baƙin layin da inuwar kaɗai suka rage. Nan na gane dalilin da ya sa aka sa su: mai zanen ya lura sunan ba ya fita, maimakon ya sauya launi ko ya matsar da rubutun wuri mai duhu, sai ya yi ta ƙara masa kaya.

Akwai kuma harafin Ƙ a cikin sunan. Salon da aka zaɓa ba shi da shi, sai kwamfuta ta aro daga wani salon dabam, kamar yadda take yi in ta rasa harafi. Sakamakon haka harafi ɗaya a tsakiyar sunan ya fi 'yan'uwansa kauri, ya fi su gajarta, ba shi ma da 'yan ƙafafun da sauran suke da su. Wannan matsala ce da duk harshen da ke da haruffan da babu a Turanci yake fama da ita, kuma maganinta ba ya da wuya. Ko a zaɓi salon da ya zo da su tun asali, irin su Gentium da Charis da Andika na SIL, ƙungiyar da ke aikin harsuna, ko jerin Noto na Google, ko kuma mai zane ya zauna ya zana lanƙwasar da hannunsa daidai da kaurin sauran haruffan. Aikin minti kaɗan ne ga wanda ya iya. A cikin littafin, abin mamaki, duk ƙ da ɗ da ɓ sun fito daidai, wanda ya tsara shafukan ya san aikinsa. Sai a wuri ɗaya da kowa zai fara gani aka bar abin haka.

Layin jan hankalin ba zan daɗe a kansa ba. Siriri ne, fari, ya bi ta kan gashin budurwar da kan furen, kuma a tsayin hannu sai da na ƙanƙance ido. Yau mutane da yawa a waya suke fara ganin bango, a shagon intanet ko a saƙon da aboki ya turo, girmansa bai fi kan sarki ba. Na rage hoton zuwa wannan girman: layin ya ɓace gaba ɗaya, sunan littafin ya zama rawayan ratsi, abin da ya rage fuska ce da jan ɗigo.

Sunan marubucin kuwa an zalunce shi. Shi ne rubutu mafi ƙanƙanta a bangon, kuma tsakaninsa da bakin takarda bai kai milimita 2 ba a kwafina. Injin yanka ba ya sauka wuri ɗaya daidai a kowane ɗauri, yakan kauce da milimita ɗaya ko biyu. Shi ya sa ake barin hoton bango ya zarce layin yanka da milimita 3, rubutu kuma a janye shi ciki da aƙalla milimita 5. Ba na shakkar cewa cikin kwafin da aka buga akwai waɗanda wuƙa ta shafi ƙasan sunan mutumin da ya yi shekaru yana rubuta littafin.

In ka juya baya sai hankali ya ɗan kwanta. Launi ɗaya ne, shuɗi mai duhu, bayanin labarin da fararen haruffa masu girman da ya dace, an bar sarari tsakanin layuka, gefe da gefe ma an bar wurin da yatsa zai riƙe. Bayanin kansa gaskiya ya faɗa, ya ambaci 'yan'uwan biyu da tafiyar motar, wanda hakan ya sa gaba da baya suka zama kamar na littattafai biyu. Lambar shaidar littafi, wato ISBN, mai lamba 13, yadda aka koma yi tun 2007, tana nan da layukanta baƙaƙe cikin farin akwati, da sarari a gefe yadda na'urar kanti za ta karanta ba gardama. Ƙaramin abu ne, amma na sha ganin inda aka ɗora layukan kan hoto ko aka yi su da ja don su dace da ado, alhali jan hasken na'urar ba ya ganin jan layi. Ƙorafina ɗaya a bayan shi ne hoton marubucin, an matse shi ta faɗi har fuskarsa ta yi tsawo.

Ƙashin bayan littafin, wato gefen da ake gani in an jera shi a kanta, shi ne gwanin wurin. Kaurinsa lissafi ne: takarda mai nauyin giram 80 kaurinta wajen kashi ɗaya bisa goma na milimita ne, shafi 300 kuwa warƙa 150 ce, wato milimita 15 da 'yan kai. An auna shi daidai, launin bai tsallaka gaba ko baya ba. Sunan littafi da na marubuci suna tsakiya, da salon haruffa ɗaya mai sauƙi, fari a kan shuɗi, babu inuwa babu zinare, har Ƙ ɗin ma ya fito da kyansa. Rubutun daga sama yake saukowa ƙasa, don haka in ka kwantar da littafin fuskarsa na sama, sunan a miƙe yake. A Faransa da Jamus sau da yawa akasin haka suke yi, kowa da al'adar ɗab'insa, amma ni wannan na fi so. Daga ƙofar ɗaki nake karanta shi a cikin sauran littattafai. Littafi mafi yawan rayuwarsa a tsaye yake yin ta, gefen nan kaɗai ake gani, don haka ba ƙaramin maki ba ne.

Ledar da aka lulluɓe bangon da ita mai sheƙi ce, tana riƙe sawun yatsa, tana kuma mayar da hasken fitila a ido daidai kan sunan da dama ba ya karantuwa. Marar sheƙi ta fi dacewa da labari mai natsuwa irin wannan, ko da yake ita ma tana nuna ƙarzuwa a kan launi mai duhu. Katin bangon dai yana da kauri, bai nannaɗe ba bayan na gama karatu, gam ɗin ma ya riƙe, ko warƙa ɗaya ba ta fita ba.

Bambancin da ke tsakanin gaba da sauran sassan ya sa ba na ɗora wa mai zanen laifin duka. Hannun da ya yi ƙashin bayan nan ya san haruffa, ya san sarari, ya san lokacin da ake tsayawa. Bangon gaba kuwa ya yi kama da aikin da mutum biyar suka tsaya a kansa, wannan ya ce a sa mace, wancan ya ce a ƙara fure, wani ya ce sunan bai fito ba a sa masa zinare. Na zauna a irin kujerar, na san yadda ake ƙare wa da abin da ba wanda ya so tun farko. Sau da yawa ma mai zane ba ya ganin littafin, layi uku ake turo masa a waya a ce gobe ake so.

Da ni aka tambaya, da motar zan ɗauka. Kujerun gaba biyu daga baya, ƙeyar mutum biyu masu furfura, kowa ya karkata wajen tagarsa, tsakaninsu fili, sunan littafin kuma ya zauna cikin wannan filin da fararen haruffa manya. Shuɗin bayan nan ya zagayo gaba, launi biyu ko uku sun wadatar, ba sai an yi kokawa da shunayyar da tawada ba ta iyawa ba. Zai karantu a waya, zai karantu a kanti, kuma wanda ya ɗauka zai sami abin da ya gani. In Allah ya sa aka zo bugu na biyu, roƙona ga kamfanin shi ne a miƙa aikin bangon gaba ga wanda ya tsara ƙashin bayan, shi kaɗai, a ba shi littafin ya karanta tukuna, a kuma buga masa gwaji a takarda kafin a tayar da injin.